Wharf, quay, pier, jetty, dock: ina bambancinsu?

A bakin Neja ko Binuwai, wurin da kwale-kwale ke tsayawa a sauke kifi da fasinja sunansa kwata. Turanci kuwa ya rarraba wannan wuri da sunaye har biyar, kuma mai fassara labari ko mai karanta takardar shigo da kaya yakan dunƙule su duka ya ce tashar jirgin ruwa. Tashar gaba ɗayanta, da rumbuna da kwastan da titin manyan motoci, ita ce port. Ruwan da ke cikin kariya daga iska da igiyar teku shi ne harbour. Sauran sunayen galibi na ginin da jirgi ke jingina da shi ne, kuma tambaya biyu ke raba su: ginin ya bi gaɓa ne ko ya kutsa cikin ruwa? Ruwa na wucewa ta ƙarƙashinsa ko a cike yake?

Quay, wanda ake furtawa "kii" tamkar kalmar makulli a Turanci, bango ne na dutse ko kankare da ya miƙe tare da gaɓa, an cike bayansa da ƙasa har ya iya ɗaukar injin ɗaga kwantena. Ƙasan da ke gindin bangon kullum sai an yashe shi, domin laka na taruwa. A nan ake yin ɓarna: in masu yasa suka haƙa fiye da zurfin da aka tsara, gindin bangon ya rasa abin da ke tokare shi, nauyin ƙasar baya ya tura shi gaba, filin sama ya fara tsagewa. Zurfin nan shi ke yanke girman jirgin da zai shigo. Tashar Lekki da ta fara aiki a 2023 tana da kusan mita 16.5, abin da Apapa ba ta da shi.

Wharf shi ma gaɓa yake bi, sai dai yana iya zama a kan ginshiƙai, kuma sunan ya fi nuni ga aikin lodi da sauke kaya. Shi ya sa wuri ɗaya a Legas za ka ji an ce Apapa Wharf, a takarda kuma ka ga Apapa Quays. Sunan kan zauna ko bayan jirage sun tafi: Canary Wharf ta Landan yau unguwar bankuna ce.

Pier ya kan fita ne daga gaɓa ya nufi cikin ruwa a kan ginshiƙai, ruwa da yashi na wucewa ƙarƙashinsa, jirgi na iya tsayawa ta kowane gefe. A Ingila da yawansu na shan iska ne. Na Southend ya haura kilomita 2.

Jetty ne mai rikitarwa. Asalinsa kalmar Faransanci ce mai nufin abin da aka jefa, wato duwatsun da ake zubawa cikin teku don su tsare bakin mashigi kada yashi ya toshe shi. Irin wannan gini kan tare yashin da ruwa ke kwasa yana bin gaɓa, sai gefe ɗaya ya cika, ɗayan ya zaizaye. Haka ta faru a Legas: katangun dutsen da aka yi a bakin mashigin tashar a farkon ƙarni na 20 sun hana yashi isa Bar Beach, teku ya yi ta cin gaɓar shekara da shekaru. Amma a bakin mutane yau, jetty ƙaramin dandamalin hawa jirgin fasinja ne, ko inda tankar mai ke haɗa bututu, kamar Atlas Cove da ke Legas.

Dock kuwa ya danganta da wanda ke magana. Ga Baturen Ingila ruwan ne da kansa, wanda aka kewaye aka sa masa ƙofa. Dalili shi ne a Liverpool tazarar cikar teku da janyewarsa kan kusan kai mita 10, jirgin da aka ɗaure da safe sai ya zauna a laka da rana. Albert Dock na Liverpool da aka buɗe a 1846 don haka aka yi shi. Ba'amurke in ya ce dock, katakon da yake takawa ya shiga jirginsa yake nufi. Dry dock kuma rami ne da ake shigar da jirgi, a rufe ƙofa, a zuƙe ruwan, a gyara ƙasan jirgin.

Ɗan kasuwa dai kalmar da ta fi shafar aljihunsa ita ce berth, gurbin jirgi ɗaya a jikin kowane ɗayan waɗannan. A nan ake jefa igiyoyi a kan turakun ƙarfe, da roba mai kauri tsakanin jirgi da bango, a ƙananan wurare ma tsofaffin tayoyin mota. In an ce jirgi ya iso amma bai samu berth ba, yana can waje a kan anga, kaya ba su sauka ba, kwanakin jira kuwa ana lissafa su.