Batirin shisha da makulli ba sa zama aljihu ɗaya

Samarin Kano, da ku nake. A ɗakin wankin ciwo akwai wata irin ƙuna da yanzu muke gane ta tun mai ita bai buɗe baki ba. A cinya take, daidai inda aljihun wando yake kwanciya, ta gangara wajen matsematsi, ga tafin hannu ya saluɓe saboda an kai shi za a fizgo abin. Ka tambayi yaro, ya ce salansar babur ce. Ƙanena, salansa a ƙwauri take kama mutum. Sai wanda ya rako shi ya fita sayen magani, sannan ya sunkuyar da kai ya ce batirin shishar lantarki ne ya tashi a aljihunsa.

Ba wa'azin shan wannan na'ura mai batir da ake zuƙar tururinta zan yi yau ba. Nikotin ne a ciki, yana kama mutum, barin ta ya fi, kuma kun san haka. Amma wanda bai bari ba tukuna, ina so ranar da zai bari ta same shi da cinyarsa lafiya.

Batirin nan da ake cirewa a sauya, mai lamba 18650, na litiyam ne. Duk gangar jikinsa ƙarfe ce mai wuta, kuma siririyar ledar da aka naɗe shi da ita ce kariyarsa. Kai kuma ka ɗauke shi tsirara ka jefa aljihu tare da makullin babur da na shago. Makulli ya karce ledar, ya taɓa kan batir da jikinsa lokaci ɗaya, shi ke nan. Kafin ka miƙe tsaye ya fara feshin wuta, yadin wando in mai roba ne ya narke ya manne da fata. Me ya kai batir aljihu ɗaya da makulli? Na san amsar: ɓoyo ake kada Baba ya gani. To ga shi yanzu Baban ne yake biyan kuɗin wankin ciwo.

Ba mu kaɗai ba ne. Hukumar kula da gobara ta Amurka ta tattara fashewa da gobara 195 na irin wannan na'ura daga 2009 zuwa 2016, kuma 61 daga ciki a aljihu suka faru. A 2018 ta fashe ta kashe wani mutum a jihar Fulorida. Mu kuma ga zafin Afrilu da ke haura 40 a ma'auni, a bar batir a akwatin babur yana shan rana tun hantsi.

Wajen sayen sabo ma akwai magana. Da yawa daga na teburin bakin titi daga tsohon batirin kwamfuta aka ɓalle su, aka sa musu sabuwar leda mai sheƙi. Ba a yi su don na'urar da ke zuƙar wuta da ƙarfi irin wannan ba. In ka ga an rubuta 9900mAh a matsayin yawan cajin da yake ɗauka, ƙarya ce tsagwaronta; na gaskiya mai wannan girman bai cika wuce 3500 ba. In ka ɗaga ka ji shi shafal, ajiye musu kayansu. Araha ba ta ado. Amma ko na asali ka saya, ka sa shi da makulli, ƙunar ɗaya ce.

A taƙaice dai:

- Batir in ba a cikin na'ura yake ba, a sa shi a ɗan akwatinsa na roba.
- Ledarsa ta yage, ya lotsa, ya kumbura ko yana zafi: an gama da shi. Kada a liƙe da salatif a ci gaba.
- Caji da cajarsa, a kan siminti, kana kallo. Ban da ƙarƙashin matashi, ban da jona shi a kwanta don an kawo wuta da tsakar dare.
- Matacce kada a jefa shi bolar da ake cinna wa wuta, yara suna tsince-tsince a wurin.

In kuwa ta afku, a cire wandon da sauri, wanda ya manne a bar shi. A kwarara ruwa mai sanyi na minti 20, ba ƙanƙara ba. Don Allah iyaye mata, ban da man goge baki, ɗanyen ƙwai, gishiri ko baƙin mai. Sai mun kankare su kafin mu ga ciwon, yaron yana ihu. A rufe da tsaftataccen ƙyalle a nufi Asibitin Murtala, na Malam Aminu Kano ko na Dala. Kuma ka faɗa mana batir ne tun a bakin ƙofa, domin akwai sinadarin da yake fesawa a cikin ciwon, wankinsa daban ne da na ƙunar salansa.