Windows, Linux da agogo a sararin samaniya: tambayoyi da amsoshi

Shin kwamfutocin da ke tashar sararin samaniya ta ƙasa da ƙasa duk iri ɗaya ne?

Ko kusa. An harba ɓangaren tashar na farko, Zarya, a watan Nuwamba na 1998, kuma tun ranar 2 ga Nuwamba, 2000 ba ta taɓa zama babu mutum a cikinta ba. Rasha tana da nata ɓangaren da tsarinsa, Amurka da nata, Turai da Japan ma sun haɗa ɗakunan gwajinsu a 2008. Kwamfutocin tafi-da-gidanka da 'yan sama jannati ke aiki da su, waɗanda samfurin ThinkPad suka daɗe suna rinjaye a ciki, su ma ba babbar manhaja ɗaya ke tafiyar da su ba. A 2013 aka sanar da sauya wasu muhimmai daga Windows zuwa Linux na Debian, don ana son abin da ba ya yawan tsayawa, kuma injiniyoyi za su iya buɗe shi su gyara da kansu. Windows bai ɓace daga tashar ba, ana dai zaman tare ne.

To ta yaya suke jin maganar juna?

Ta hanyar ƙa'idojin da kowa ya amince da su. Muddin kwamfuta tana bin TCP/IP, ƙa'idar da intanet ta ginu a kanta, babu ruwan saƙo da wace manhaja ce ta aiko shi. Wajen raba fayiloli, Windows yana amfani da ƙa'idar SMB, sai Andrew Tridgell ya fito da manhajar Samba a 1992, wadda ta koya wa Linux da 'yan uwansa yaren nan. Haka ake yi a ofisoshi da jami'o'i a duniya.

Matsalar tana ɓoye ne a ƙananan abubuwa. A Linux, fayil mai suna Rahoto da mai suna rahoto abu biyu ne daban, amma Windows a al'adarsa ɗaya yake ɗaukar su. Windows yana rufe layin rubutu da alamomi biyu, Linux da guda ɗaya. Ni a ganina irin waɗannan ne ya kamata mai kula da haɗin kwamfutoci ya fi tsoro, domin ba sa ƙara, shiru suke ɓata aiki har sai ranar da aka fi buƙatarsa.

Mece ce manhajar da ke aiki a kan kowane tsari?

Ita ce wadda aka rubuta sau ɗaya ta yi aiki a Windows, Linux da macOS, kamar Firefox, VLC ko LibreOffice. Burauza, wato manhajar buɗe shafukan intanet, ta zama babbar hanyar yin haka. Ko a kumbon Dragon na SpaceX, wanda ya ɗauki Bob Behnken da Doug Hurley ranar 30 ga Mayu, 2020, allon taɓawar da ke gabansu an gina shi ne da fasahar burauza, wato Chromium da JavaScript, su kuwa kwamfutocin tuƙi Linux ne. Raba aikin nan dabara ce mai kyau: allo na nuni ne, tuƙi yana wani wuri.

Ina maganar agogo ta shigo?

A tsakiyar komai. Tashar tana zagaya duniya cikin kimanin minti 90, wato rana tana fito wa mazaunanta sau 16 a kowace awa 24, saboda haka aka tsayar da agogon GMT a matsayin na kowa, daga cibiyar kula da tashar ta Houston har ta Mosko. Jadawalin ɗan sama jannati, barci da motsa jiki da gwaje-gwaje, a kansa yake tafiya.

Idan na'urori biyu suka saɓa a kan lokaci fa? Ranar 20 ga Disamba, 2019 aka harba kumbon Starliner na Boeing, babu mutum ciki, a kan rokar Atlas V. Kumbon ya karɓi lokaci daga rokar a gaɓar da ba ta dace ba, agogonsa ya kauce da awa 11. Ya ɗauka yana wani matakin tafiya daban, ya yi ta ƙona mai yana gyara tsayuwar da ba a buƙata, har man da zai kai shi tashar ya gaza. Bayan kwana biyu ya sauka a New Mexico. Sai da aka sake gwajin babu mutum a watan Mayu na 2022, kuma Butch Wilmore da Suni Williams ba su hau shi ba sai Yuni na 2024.