Waiwaye: Yadda badujalar Turawan Holan ta koma hannun manoman Betawi

Tanjidor kiɗa ne na Betawi, mutanen da ake kallo a matsayin 'yan asalin birnin Jakarta na ƙasar Indonesiya. Makaɗa bakwai zuwa goma ne ke haɗuwa, wasu na busa ƙahonin tagulla manya da ƙanana, wasu na dukan ganguna. Bahaushe in ya ji daga nesa zai ɗauka badujalar sojoji ce ke fareti, kuma bai yi nisa da gaskiya ba, domin daga hannun Turawa kayan suka fito.

A 1619 kamfanin kasuwancin Holan, VOC, ya kafa birnin Batavia a inda Jakarta take yau. Attajiran birnin suka mallaki manyan gonaki a bayan gari, suka tara bayi daga Bali da Sulawesi da sauran tsibirai. Alamar isa a wancan zamani ita ce mutum ya ware wasu cikin bayinsa, ya koya musu busa, su riƙa yi masa kiɗa lokacin cin abinci ko in ya yi baƙi. Wanda ya fi shahara da haka shi ne Augustijn Michiels, da ake wa laƙabi da Majoor Jantje, mai gonakin Citeureup kusa da Bogor, wanda ya rasu a 1833.

Da aka haramta bauta a 1860, makaɗan suka sami kansu, sana'a kuma tana hannunsu. Sai suka shiga yawon kiɗa don neman abin sawa a bakin salati. Sannu a hankali abin ya koma ƙauyukan Bekasi da Tangerang da Depok da Karawang da ke kewayen Jakarta, inda manoman shinkafa suka gaje shi. Lokacin noma suna gona. In an gama girbi sai su saɓa ƙahoni su nufi birni, suna bi gida-gida, musamman lokacin sabuwar shekarar Sinawa da bikin Cap Go Meh da ke rufe ta, domin a nan ake samun kyauta mai tsoka. Yawancinsu da kunne suka koya, ba da takarda ba, shi ya sa taken faretin Turawa ya lanƙwashe a bakinsu, ya gauraya da waƙoƙin gida. Bikin aure da na kaciya suka zama ba sa armashi sai da su.

A shekarun 1950, bayan samun 'yancin kai, magajin garin Jakarta Sudiro ya hana yawon tanjidor a cikin birni, ana ganin abin ya yi kama da bara. A ganina wannan hani ya fi komai karya sana'ar, tun kafin rediyo da kiɗan zamani na dangdut su janye matasa, don ya toshe wa manoman hanyar samunsu ta bayan girbi.

Ƙungiyoyin da suka rage kaɗan ne, akasarin makaɗan dattawa. Ƙahoninsu tsofaffi ne na gado, sun sha walda da faci, sababbi kuwa tsada gare su. Yanzu gwamnatin birnin ce ke gayyatar su, a ƙauyen al'adun Betawi na Setu Babakan da ke kudancin Jakarta, ko ranar 22 ga Yuni da ake bikin zagayowar kafuwar birnin, su busa wa manyan baƙi.