Waiwaye: tun yaushe shekarar jami'a ta zarce wata goma sha biyu?

A duk fadar da ɗaliban jami'a ke shan shayi a Maraɗi, in hira ta yi nisa sai an faɗo kan magana guda: shekarar karatu ba ta ƙarewa cikin shekara. Wanda ya ci bak, wato jarrabawar kammala sakandare, bana yana gida yana jiran 'yan bara su matsa masa, malamai na kukan aiki ya sha kansu, iyaye kuma na tambayar yadda aka yi lisans na shekara uku yake cin huɗu ko biyar. A rediyo da Facebook an fi tsayawa kan yajin aiki da maganar burs. Su ma suna da nasu kaso, amma cunkoson ya samo asali daga wani lissafi da ba a cika tonawa ba.

Farkon labarin sananne ne. An buɗe cibiyar ilimi mai zurfi a Yamai a 1971, ta zama jami'a a 1973, aka sa mata sunan Abdou Moumouni a 1992. Shekarun 1990 sun zo da tarzomar siyasa da shekarun karatu da suka tafi a banza, ga karyewar darajar sefa a 1994. Duk tsawon lokacin nan ɗan Maraɗi mai son jami'ar gwamnati sai ya ɗauki jaka ya nufi Yamai. A 2010 aka kafa jami'o'in Maraɗi da Tawa da Damagaram, a 2014 aka ƙara huɗu a Agadas, Diffa, Dosso da Tillaberi.

A 2010 ɗin nan ne kuma Nijar ta rungumi tsarin LMD, wato lisans shekara uku, masta biyu, digirin dakta uku, kamar yadda ƙasashen UEMOA, ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma masu amfani da sefa, suka amince a 2007. Murnar samun jami'a a gida ta rufe wannan labari, alhali shi ya sake fasalin ranar malami da ta ɗalibi gaba ɗaya. Tsarin yana da amfaninsa: takardar da aka samu a nan, ana gane matsayinta a Dakar ko Lome ba tare da dogon bayani ba. Sai dai yana cin awoyi, kuma awoyin nan ba sa bayyana a jikin takardar doka.

A tsohon tsari shekara dunƙule take. Babbar jarrabawa a ƙarshenta, waɗanda suka faɗi su dawo bayan damina su sake gwadawa. LMD ya raba shekara gida biyu, kowane zango da gwaje-gwajensa na tsakiya, da jarrabawarsa, da zaman tantance sakamako, da zagayen waɗanda ba su haye ba. A ɗauki aji mai ɗalibi 300 alal misali. In malami ya ba kowace takarda minti goma, gyara ɗaya ya cinye awa 50, kuma ba darasi ɗaya yake koyarwa ba. Wannan aiki ne na dare da ranakun Lahadi, ba mai ganinsa a jadawalin da ke manne a bango.

Ɓangaren ɗalibi ma haka. Kowane zango kiredi 30 ne, kiredi kuwa ma'aunin aikin ɗalibi ne, guda ana ƙiyasta shi awa 20 zuwa 25, ke nan aƙalla awa 600 a zango. Kaso mai tsoka na awoyin nan ba na aji ba ne, na karatun ɗalibi shi kaɗai ne. An ɗauka yana da ɗakin karatu mai littattafai, da intanet, da wutar da ba ta ɗaukewa. Yaron da ya zo daga Tasawa ko Dakoro, yana raba ɗakin haya da mutum uku, yana auna kuɗin kabu-kabu da na fotokwafi, abin da yake da shi shi ne kwafin darasin malam da hasken waya. Sai malami ya ga in bai faɗi komai a aji ba, ba inda za a same shi, ya koma shifta, awoyin aji su kumbura.

Sannan ina malaman? Tsarin da kansa ya ce shekara takwas ake yi bayan bak kafin a zama dakta. Ana iya gina amfi, wato babban zauren karatu, cikin shekara guda, malami kuwa ba a nuna shi da sinadari kamar mangwaro. Don haka sababbin jami'o'i suka jingina da malamai baƙi, daga Yamai ko ƙasashen maƙwabta. Malami ya yo tafiyar fiye da kilomita 600 a bas, ya zuba darasin zango sukutum cikin mako ɗaya ko biyu, tun safe har la'asar, ko da cikin zafin Afrilu ne, ya koma inda nasa ɗaliban ke jiransa. Wanda zazzaɓi ya kwantar a makon nan ya rasa darasin baki ɗaya. In kuma baƙon bai samu sarari ba sai bayan wata biyu, zango ba ya rufuwa, domin darasi ɗaya da ba a yi ba yana riƙe sakamakon aji duka. Zangon farko ya hau kan na biyu, na biyu ya hau kan shekara mai zuwa. Ko ba a yi yajin aiki na kwana ɗaya ba, wannan kaɗai ya isa ya ja shekara.

Malamin gida kuma ana jan sa ta gefe biyu. Ƙarin girmansa yana bi ta CAMES, majalisar ilimi mai zurfi ta ƙasashen Afirka da Madagaskar da aka kafa a Yamai a 1968, mai mazauni a Wagadugu, kuma abin da ake dubawa sosai shi ne binciken da ya wallafa. Sai ya hau manyan matakai ne zai jagoranci masu neman digirin dakta, waɗanda su ne za su rage masa nauyin aji gobe. Lokacin binciken kuwa shi ne gyaran takardu ya riga ya cinye.

Ana cikin haka ɗalibai suka ƙaru. Ƙidayar 2001 ta samu mutum miliyan 11 a Nijar, ta 2012 ta samu miliyan 17. Shirin shekara goma na bunƙasa ilimi da ya fara a 2003 ya cika azuzuwan firamare har ƙauyuka, abin alheri ne. Daga ajin farko zuwa bak shekara 13 ce, don haka yaran da aka sa makaranta a 2003 sun fara isowa ƙofar jami'a a 2016, lokacin da jami'ar Maraɗi ke da shekara shida kacal da kafuwa.