Hidimar Masu Kwanan Kasuwa a Ikilisiyoyin Karkarar Kano da Jigawa

Hidimar masu kwanan kasuwa aiki ne da wasu ƙananan ikilisiyoyi ke yi a ƙauyuka da garuruwan kasuwa na jihohin Kano da Jigawa. Mutane ƙalilan, galibi daga Zumuntar Mata (ƙungiyar matan ikilisiya) da ƙungiyar matasa, su ke kai abinci da sutura da ɗan magani ga waɗanda ba su da makwanci sai rumfar kasuwa, tashar mota ko kango. Ba ƙungiya ɗaya ba ce mai ofis da rajista, kowace majami'a da yadda take tafiyar da nata. Nassin da aka fi kafa hujja da shi shi ne Matiyu 25, inda Yesu ya ambaci ciyar da mayunwaci, saukar baƙo da tufatar da marar sutura.

Waɗanda ake yi wa hidimar

A karkarar ƙasar Hausa da wuya mai dangi ya rasa wurin kwana, baƙo ma akan sauke shi a zaure ko a masallaci. Saboda haka wanda aka gani yana kwana a rumfa, yawanci wani abu ne ya raba shi da gida. Akwai masu taɓin hankali, da masu farfaɗiya da aka guda, da tsofaffin da kuturta ta naƙasa, da matan da aka saka saboda yoyon fitsari, da 'yan ci-rani da guzuri ya yanke musu. A shekarun ambaliya, irin ta 2022 a kwarin Haɗeja, akan samu iyalai sukutum a makarantu da bakin hanya. Da yawa daga masu bara suna bin kasuwanni ne rana-rana: Maigatari ran Alhamis, Wudil ran Juma'a, Dambatta ran Lahadi. Ba a lissafa almajirai a cikinsu, tunda suna da malami da tsangaya.

Tarihi

Tushen wannan aiki yana cikin aikin jinya na mishan. Ayarin farko na 'yan mishan ɗin CMS, wato mishan ɗin ikilisiyar Anglika, ƙarƙashin Bishop Tugwell tare da Dokta Walter Miller, ya isa Kano a 1900, Sarki Alu bai ba su izinin zama ba. Bayan zuwan Turawan mulki a 1903 ma, gwamnati ta daɗe tana hana mishan buɗe tasha a cikin masarautun Musulmi. Sai a shekarun 1930, zamanin Sarkin Kano Abdullahi Bayero, ƙofa ta ɗan buɗu, kuma ta hanyar kuturta ta buɗu. Wajen 1937 mishan ɗin SIM (Sudan Interior Mission) ya karɓi kula da sansanonin jinyar kutare na lardunan Kano, Katsina da Sakkwato. Na Kano ya fara ne a Sumaila, daga baya aka mayar da shi Yadakunya. Na Katsina yana Babbar Ruga, na Sakkwato kuma yana Amanawa. A 1943 SIM ta buɗe asibitin ido a Kano, wanda har yau yake aiki a hannun ECWA, ikilisiyar da ta gaji SIM.

A wancan lokaci waɗannan sansanoni kamar ƙauyuka suke, da gonaki da makaranta da majami'a, kuma mutum kan yi shekaru a ciki kafin a sallame shi. A nan aka koya wa majinyata da dama karatun boko da wankin ciwo da ba da magani, har wasunsu suka zama ma'aikatan ɗakunan shan magani da masu bishara a ƙauyuka. Littafi Mai Tsarki na Hausa ya riga ya fito a 1932, don haka da Hausa aka yi komai tun daga fari. Ikilisiyoyin da suka tashi daga aikin SIM sun haɗu suka zama ECWA a 1954, kuma yawancin mabiyanta a karkarar Kano da Jigawa daga cikin Maguzawa suka fito, a yankuna irin su Sumaila, Karaye, Rogo da Roni.

A shekarun 1970 gwamnati ta karɓe yawancin asibitoci da makarantun mishan. Abin da ya rage a hannun ikilisiyar ƙauye shi ne hannu da sani: dattawan da suka iya wanke gyambo ba tare da ƙyama ba, da matan da suka saba dafa wa taro. Daga gare su aikin ya gangaro. Ikilisiyoyin Anglika da Katolika da Baptis ma suna da irinsa.

Yadda ake gudanar da aikin

Kuɗin aikin daga baiko na musamman yake fitowa, wato kyautar da ake tarawa a majami'a, da hatsin da ake kawowa lokacin godiyar kaka. Ana ajiye gero da dawa a rumbu, wake kuma a jarka mai murfi ko buhu mai leda biyu, don ƙwari kan gama da shi cikin 'yan watanni idan an bar shi a buhun banza.

Kafin a fara, fasto da dattawa biyu sukan je wurin mai unguwa ko dagaci, sannan sarkin kasuwa ko shugaban tasha, su faɗi ranar da za a riƙa zuwa da abin da za a kawo. Inda akwai sarkin makafi ko sarkin kutare, ta hannunsa ake bi. Tsallake wannan mataki shi ne kuskuren da ya fi kashe aikin, domin baƙin fuska da tukunya cikin duhu abin zargi ne a ko'ina.

Ana fita ne mutum uku zuwa biyar, mata su je wa mata, maza su je wa maza. An fi zuwa da sassafe washegarin kasuwa, lokacin da rumfuna suka zama wayam, wanda ya rage kuwa shi ne ainihin marar wurin zuwa. Ranar kasuwa kanta taro kan yi yawa, abincin ya ƙare a hannun masu ƙarfi. Da azumi ana mayar da rabon bayan faɗuwar rana. Ana gaishe su yadda ake gaida manya, Baba ko Inna ko Malam, a durƙusa a miƙa da hannun dama.

Abincin da aka fi yi shi ne kunun tsamiya da ƙosai, ko shinkafa da wake da mai da yaji. Kwano ɗaya na gero kan ba da kunun mutum ashirin da biyar ko sama da haka, kwanon shinkafa da rabin kwanon wake kuma kan ƙosar da kimanin mutum goma sha biyar. Nama, idan an samu, daga mahaucin kasuwa ake sayensa domin kowa ya ci da natsuwa. Kunu da zafi kan jawo babbar ɓarna ga mai kuturta: hannunsa ba ya jin zafi, sai ya riƙe kofin ƙarfe har fata ta tashi bai sani ba. Don haka ake bari ya huce, a zuba a ƙoƙo ko kofin roba mai kauri.

Rabon sutura na hunturu ne, daga Disamba zuwa Fabrairu. Bargon gwanjo da rigar sanyi da aka taɓa sawa sun fi daɗewa a hannun mai su, sabo fil kuwa ana sacewa ko a sayar. Tabarma ko buhu a ƙasa yana da amfani kamar bargon, tunda ta ƙasa sanyi ke shiga jiki.

Kula da ƙafa shi ne ɓangaren da aka gada kai tsaye daga sansanonin jinya. Ana jiƙa ƙafar a ruwa marar zafi kamar minti ashirin, a kankare kantar da dutse mai kaushi ba da reza ba, a shafa man basilin tun fatar tana da danshi, sannan a duba tafin ƙafa da tsakanin yatsu ko akwai ƙaya ko tsaga. Takalmi mai laushin ciki, marar ƙusa, ya fi kowane magani hana gyambo dawowa. Wanda aka ga fari-farin tabo marar ji a jikinsa, asibiti ake kai shi: maganin kuturta na haɗin ƙwayoyi kyauta ne, na wata shida ko goma sha biyu, kuma da an fara sha cutar ta daina yaɗuwa. Ga mai gudawa, ana haɗa lita ɗaya ta tsabtataccen ruwa da ƙaramin cokali shida na sukari da rabin ƙaramin cokali na gishiri. Mai farfaɗiya idan ta tashi, a janye shi daga wuta, a kwantar da shi ta gefe, kada a cusa masa komai a baki. Ba a ɗaukarta ta miyau.

Neman dangi ne aikin da ya fi cin lokaci, kuma masu hidimar da suka daɗe sun fi ba shi muhimmanci a kan rabon abinci. Ana sauraron sunan gari ko unguwa da mutum ke yawan ambata, a lura da karin harshensa da zanen fuskarsa, sannan a tambayi direbobin tasha da fatake. Idan an gano gida, ta hannun dagacin can ake aika saƙo kafin a kai shi, don kai mutum ba zato yakan sa ya dawo kasuwa cikin mako. Masu taɓin hankali ana kai su asibitin Dawanau a Kano ko na Kazaure a Jigawa, da sanin danginsu ko hukuma. Ba a sa musu mari a ƙafa. Masu yoyon fitsari ana tura su asibitin Jahun a Jigawa ko asibitin Murtala a Kano, inda ake yi musu tiyata.

Saɓani

Wasu Musulmi na kallon aikin a matsayin jan mutane zuwa Kiristanci ta hanyar abinci. A cikin ikilisiya ma ra'ayi ya rabu: wasu na son a haɗa rabon da wa'azi, wasu sun tsaya a kan yin addu'a ga wanda ya nema kawai. Yara ƙanana ba a ɗaukarsu a kai majami'a ko gidan wani, hukuma ake sanarwa. Dokar hana bara ta Jihar Kano ta 2013 da kamen da Hisba ke yi sun fi shafar birni.