Ma'anar tsakuwar kogi da yadda ake gane ta

A bakin jama'a, tsakuwa ita ce duk wani ɗan ƙaramin dutse, ko wanda aka tsinta cikin shinkafa ne, ko wanda magina ke kwaɓawa da siminti. Masana duwatsu kuwa da awo suke magana: a tsarin da Ba'amurke Chester Wentworth ya fitar a 1922, tsakuwa ita ce wadda faɗinta ya kama daga milimita 4 zuwa 64, abin da bai kai milimita 2 ba kuma ya shiga sahun yashi ko laka.

Abin da ya raba tsakuwar kogi da wadda inji ya fasa shi ne santsi da mulmuluwa. Idan ruwa ya cika da damina, yakan tura ɓaraguzan dutse su yi ta gungurawa suna gogar juna, har kaifin gefensu ya cinye, don haka wadda aka samu da sauran kaifi galibi ba ta yi nisa da dutsen da ta ɓalle daga jikinsa ba. Sai dai wannan alama tana iya ruɗin mutum, domin tsakuwar marmara, mai launin tsatsa da ƙananan ramuka, a dunƙule take samuwa tun cikin ƙasa, ba tare da ta yi wata tafiya ba.

Mai son tantancewa ya fara da jiƙa ta, don ƙura tana ɓoye launi. Farar nan mai kama da daskararren nono yawanci ma'adinin kwaz ce, wanda ke mataki na 7 cikin 10 a ma'aunin tauri na Mohs. Wuƙa ba ta karce ta, ita ce ma ke karce gilashi, kuma wannan taurin ne ke sa ta wanzu bayan sauran sun narke sun zama laka. Tsakuwar giranet kuwa, wato wani irin dutse mai tauri, dabbare-dabbare take, da fari da ja-ja da baƙaƙen ɗigo masu ƙyalli.

Nauyi ma shaida ne. A rafukan da ke gangarowa daga tsaunukan Jos akan samu kuza, baƙa ko ruwan ƙasa, wadda ta ninka kwaz nauyi sau biyu da rabi, shi ya sa idan mahaƙa suka karkaɗa ƙasa da ruwa cikin kwano, yashi kan tafi, ita kuma ta kwanta a gindi.