Sfumato: dabarar hayaƙi a zanen fuska

Sfumato kalmar Italiyanci ce, tushenta "fumo", wato hayaƙi. Masu zanen mutane na amfani da ita wajen nufin sajewar haske da inuwa a fuska har ido ya kasa gane inda wannan ya ƙare wancan ya fara. Wanda ya fi shahara da ita shi ne Leonardo da Vinci, ya rayu daga 1452 zuwa 1519, kuma ba a maganarta ba a ambaci zanensa na Mona Lisa da ke gidan tarihi na Louvre a Faris ba.

Amfaninta a wuri biyu ya fi fitowa: gefen baki da gefen ido. A nan halin mutum da abin da ke ransa suke bayyana. Idan mai zane ya ja layi mai kaifi a gefen baki, ya ɗaure fuskar ke nan a yanayi guda, ko dariya ko ɗaure fuska. Idan kuwa ya bar wurin cikin inuwa mai laushi, mai kallo ne zai ƙarasa da kansa. Shi ya sa murmushin Mona Lisa ke ƙara fitowa idan ka kalli idanunta, ya ragu idan ka zuba wa bakin ido.

Da fentin mai ake yi. A fara da tsara fuskar da launi ɗaya, ruwan ƙasa, a daidaita haske da duhu. Idan ya bushe sarai, a dama fenti ɗan kaɗan da man linsid, wani mai da ake tatsa daga irin wani tsiro, har ya zama ana hango abin da ke ƙarƙashinsa, a shafa siriri, a bi gefen da busasshen burushi mai laushi. Sai a jira kwanaki kafin shafi na gaba. Masu bincike a Faransa sun auna zanen Leonardo da na'ura a 2010, suka tarar wani shafin kaurinsa mikromita 1 zuwa 2 ne (mikromita kashi ɗaya ne cikin dubu na milimita), duka a haɗe bai wuce 40 ba. Silin gashi ya fi shi kauri.

Gaggawa ce ke ɓata aikin. Wanda ya ɗora sabon shafi a kan ɗanye, launukan za su cakuɗe su koma kamar taɓo. Idan kuma shafin ƙasa ya fi na sama mai, na saman zai riga bushewa ya tsattsage, don haka kowane shafi ya ɗan fi na ƙarƙashinsa mai.

Kuskuren da ya fi damun masu koyo shi ne sassauta ko'ina. Fuskar sai ta fito sumul kamar sabulu, ba ƙashi ba rai. Dole a bar wasu wurare da kaifinsu: fatar ido ta sama, ƙofar hanci, da ɗigon hasken da ke ƙwayar ido.